Ranar da Yusha'u Kunne Ya Gaida Surukinsa

Shekara goma sha tara Yusha'u Kunne ya yi yana tuƙi tsakanin Batsari, Safana da Katsina. Gudu yake irin wanda tsofaffi ke sauka daga motarsa suna salati, suna rantsuwar ba za su ƙara ba, amma ko akuya bai taɓa takewa ba. Sai da ya ajiye sitiyari, ya kama aikin da ake yi a zaune cikin inuwa da ruwan sanyi a gefe, sannan ya jefa ran mutum cikin haɗari. Da baki ya yi, kuma da kyakkyawar niyya, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Haifaffen Ruma ne, ɗan manomi. Ubansa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa da ya ji ƙugin mota sai ya bar kunya rabi ya nufi bakin hanya. Ba kallon motocin yake zuwa yi ba, saurarensu yake. Kafin ya cika shekara goma sha biyar yana iya zama bayan katanga ya ce wannan a-kori-kurar wane ce, kuma fulogi ɗaya ya mutu a cikinta. A buɗe a duba, a tarar haka ne. Daga nan sunan Kunne ya bi shi. Da uban ya gaji da faɗa, sai ya kama hannunsa ya kai shi wani gareji a Batsari, ya ce wa mai garejin, "Ga shi nan, gona ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta."

Daga gareji ya zama karen mota, daga nan ya zama direba, har ya mallaki wata tsohuwar Golf mai ruwan toka wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai an daka mata gwiwa.

To, direbobin tashar Batsari da na Safana suna da wata al'ada tun ta iyayen gidansu. Washegarin Babbar Salla sukan taru a wani fili bayan garin Batsari, a jera tsofaffin tayoyi a yi da'ira, a cire kujerun baya, a ɗaure ƙofofi da waya, a yi tsere zagaye goma sha biyu. Ba wasu motoci na musamman ba ne, su ne dai waɗanda shekaranjiya suka kwaso buhunan gero da raguna. Wanda ya ci a ba shi rago da wani kofi da ya sha walda har ba a gane asalin siffarsa. Mahaukata ne, haka matansu ke cewa, amma ranar tseren matan ne a gaba wajen guɗa.

A wannan fili Yusha'u ya yi suna, a nan kuma ya gamu da Armaya'u na Safana, wani ƙato marar yawan magana wanda ba ya gudu a miƙe, a kwana yake cin mutum. Bana wannan ya ɗauki kofi, baɗi wancan ya ƙwace. Suna cikin wannan adawa Yusha'u ya ga Turai, ƙanwar Armaya'u, ta kawo wa yayanta fura a bakin fili, ya nemi aurenta aka ba shi. Tun daga ranar dole ya koma kiran abokin hamayyarsa Yaya, har da ɗan rusunawa, Armaya'u kuwa yana amsawa da wata irin ƙasaita don ya ba shi haushi. Amma in an shiga fili babu Yaya.

Kunnen da ya ɗaukaka shi bai taɓa yaudararsa ba, shi ne dai ya ƙi jin maganarsa rana ɗaya. A wani tsere, tun zagaye na huɗu ya ji tayar gaba tana wani siririn kuka. Ya san ma'anarsa sarai, amma yana gaba, Armaya'u na bayansa, ya ce bari dai ya ƙarasa. A zagaye na tara tayar ta fice, motar ta wuntsila sau uku. Ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Aka yi ɗori, ta warke a sandare, ba ta iya taka kuloci. Direban da ba ya taka kuloci kuwa ya gama tuƙi. Wata shida ya yi a zaure ba ya son ko jin ƙarar babur.

Da shekara ta zagayo Turai ta matsa masa ya je kallo. Ya zauna a benci kusa da mai riƙe da lasifika, wani malamin makaranta da bai san giya ta biyu daga ta uku ba. Yusha'u ya yi ta tsaki, ya yi ta gyara masa, har malamin ya ƙule ya miƙa masa makirufo ya ce, "To kai da ka iya, bismilla." Yusha'u ya karɓa, ya rufe ido ya ce, "Jama'a, ku bar kallon jar motar da ke gaba. Injinta na tari, ba za ta wuce kwana biyu nan gaba ba." A kwana ta biyu ta mutu. Fili ya ɗauki ihu.

A cikin 'yan kallo akwai wata ma'aikaciyar wani gidan talabijin mai zaman kansa a Katsina, sunanta Fiddausi, ta zo gida Salla. Ita ta nemo shi. Ba a yi wata uku ba ya fara fitowa kowace Lahadi, ana nuna tseren motocin ƙasashen waje yana sharhi da Hausa. Sunayen direbobin ba su zauna masa a baki ba, sai ya raɗa musu nasa, wannan Mai Koren Kai, wancan Ɗan Gaggawa. Shirin yana fita a rediyon gidan a lokaci guda, don haka duk direban da ke kan hanya a yammacin Katsina shi yake saurare. Abin da ya sa suka riƙe shi bai wuce ɗaya ba: ba ya ƙarya. In motar ɗan garinsu ta lalace zai faɗa, in direba ya ji tsoro ya ɗaga ƙafa zai faɗa, ko da gobe za su haɗu a masallaci.

Aibinsa ɗaya, gaisuwa. Kafin ya taɓa maganar mota sai ya gaida mai shayin tasha, ya gaida mai faci, ya gaida wane da ya yi sabon ɗaki da wance da ta sauka lafiya. Fiddausi tana bayan kyamara tana nuna masa agogo, shi ko a jikinsa. Yakan ce mutumin da aka ambaci sunansa a rediyo ranar ko tuwo bai ci ba ya ƙoshi.

Sannan daji ya lalace. 'Yan bindiga suka fara da shanu, suka koma kan mutane. 'Yan uwansa na Ruma suka kwaso tabarmi da tukwane suka cika masa gida a Batsari. Aka daina tsere shekara uku. Mutane suka koyi wani sabon shiru: ba a faɗin ranar tafiya, ba a faɗin hanyar da za a bi, matarka ma sai ka sa takalmi take sani. Kowa na zargin akwai infoma a kasuwa, a tasha, har a cikin dangi. Yusha'u ya san wannan duka. Shi da bakinsa ya sha jan kunnen direbobi a kan haka a cikin shirinsa.

Shekarar da aka ɗan samu sauƙi, direbobi suka ce a dawo da tsere, a nuna garin bai mutu ba. Aka zuba 'yan sa-kai kewaye da fili, gidan talabijin ya ce zai watsa kai tsaye. Armaya'u, wanda a lokacin ya zama Alhaji mai motocin haya huɗu, shi aka zaɓa ya miƙa kofi. Da safe ya kira Yusha'u daga Safana ya ce zai taso da an sallame azahar, ta Runka zai biyo, da farar Golf. Bai ce kada a faɗa ba. Wa zai tsaya gaya wa tsohon direba irin wannan?

An yi ruwa da asuba, fili ya yi laushi, ƙasa na ƙamshi. Ƙarfe biyu saura motoci goma sha ɗaya suka tada inji a lokaci guda. Shekara uku rabon Yusha'u da wannan ƙara, sai ya ji idonsa ya kawo ruwa. Fiddausi ta ɗaga yatsa, ya yi sallama, ya shiga gaisuwa yadda ya saba, bakinsa na gudu gaban hankalinsa.

"Ina kuma gaida babban baƙonmu, Yayana, surukina, Alhaji Armaya'u Safana mai motoci huɗu! Yanzu haka shina bisa hanya, ya biyo ta Runka da farar Golf ɗin nan tashi da kowa ya sani. Yaya, taka a hankali, kofi na jiran ka!"

Bai gane ba sai da ya ga fuskar Fiddausi. Ta sauke takardar hannunta, bakinta a buɗe. Mai kyamara ya ɗago kai daga kyamararsa ya dube shi. Sai maganar ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya: suna, dukiya, launin mota, hanya, lokaci. Ko infoman da aka biya ba zai tsara ta haka ba. Mutanen daji kuwa suna da rediyo kamar kowa, kuma an ce suna son shirinsa.

Fiddausi ta sa aka tafi talla. Ya zaro waya ya kira Armaya'u, ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. Daga bayan Safana har a wuce Runka dama sabis sai an hau tudu. Yana cikin haka wayar ta yi ƙara, Turai ce, tana kallo a gida.

"Baban Nazifa, mi ka yi haka?"

"Turai, bakina ne ya..."

"Yaya na bisa hanya shi kaɗai! Ka hi kowa sanin gangaren nan na bayan Runka. Mi ka yi haka?"

Ya ja ƙafarsa ya je wajen shugaban 'yan sa-kai ya roƙe shi. Mutumin ya saurare shi da tausayi, ya nuna masa mata da yara da suka cika fili ya ce, "Malam Yusha'u, in muka tahi, waɗanga fa? Sai dai mu yi addu'a."

"Kawu, saura daƙiƙa goma," in ji Fiddausi. "Za ka iya?"

Ya koma ya zauna. Aka saki motoci. Sharhin da ya yi a zagayen farko ko malamin makarantar nan ya fi shi. Ya kira shuɗiyar mota baƙa, ya manta sunan wanda ke gaba. Idonsa na kan fili, amma zuciyarsa na can gangaren, wurin da hanya ke sauka cikin kwari dole direba ya dawo giya ta ɗaya, ga duhuwar itatuwa hagu da dama. Ya lissafa: in Armaya'u ya taso ƙarfe biyu, saura kamar rabin awa ya kai wurin. Babur daga bakin daji kuwa minti ashirin ya ishe shi.

A nan dabara ta zo masa. In mutanen daji sun ji maganar farko, za su ji ta biyu. In suka ji mutumin ya riga ya wuce, me za su fito yi? Ya rufe makirufo da tafin hannu ya ce wa Fiddausi, "'Yata, ki ce ma mai kyamara ya bar ta bisa motoci. Komi na ce kar ya juyo ta nan."

"Kawu, me za ka ce?"

Ya buɗe makirufo, ya ɗaga murya yadda bai ɗaga ba duk ranar.

"Allahu Akbar! Jama'a, ga farar Golf nan ta shigo! Ashe tsohon direba tun hantsi ya taso, ya zagayo ta bayan Runka, ya tsaya gaishe-gaishe cikin gari, mu muna nan muna cewa shina hanya. Ga shi nan ya fito, farar shadda, hula zanna, motar kuwa taɓo har gilashi. Sannu da zuwa, Yaya!"

'Yan kallo suka fara waige-waige, suna neman motar da babu ita. Shi kuwa gwanin ya motsa. Ya san ƙarya in ba ta da ƙafafu ba ta tsayawa, kuma ya san ba a tarbar matafiyi ba a tambaye shi hanya ba. Sai ya ƙara, "Na ce mashi, Yaya, ya hanya? Ya ce lahiya lau, tun daga Runka har nan ko kare bai gani ba."

Wannan ce ƙaryarsa ta farko a makirufo, kuma ta fito sumul, har shi kansa ya ji kamar ya hango farar shaddar.

Wayarsa ta sake ƙara. Turai ce, tana dariya tana kuka. "Alhamdu lillahi! Ba ni shi in ji muryarshi."

Ya juya baya ga makirufo ya yi ƙasa da murya. "Bai iso ba, Turai. Don su na faɗa."

Ta ce, "Na riga na aika gidan Inna an gaya mata." Ta kashe.

Yadda ya ƙarasa sharhin nan shi ma bai sani ba. Aka gama tsere, wani ɗan Safana ya ci, aka nemi babban baƙo aka rasa, shugaban tasha ya miƙa kofi yana hararar Yusha'u. Aka yi la'asar, fili ya watse, ma'aikatan talabijin suka naɗe wayoyinsu. Shi kuwa ya ja ƙafa zuwa bakin titi, ya jingina da wata bishiyar darbejiya, ya rufe ido. Babur ya wuce. Tifa ta wuce. Wata Golf ta taho gabansa ya faɗi, amma tun daga nesa ya ji ba ita ba ce, wannan salansarta a fashe take. Duk addu'ar da ya sani ya karanta, ya koma farko. Yana ta ganin fuskar Inna, mahaifiyar su Turai, tsohuwar da aka ce mata ɗanta ya sauka lafiya.

Rana ta yi ja sosai sannan ya ji ƙarar motar. Ba daga kudu ba, daga gabas, ta hanyar Kurfi. Injin da ya yi shekaru yana jin numfashinsa a bayansa, da yadda mai shi ke sauya giya ba gaggawa. Ya zauna a ƙasa.

Armaya'u ya faka ya fito, ba farar shadda ba, wani tsohon yadi ruwan ƙasa. Ya tsaya a kansa.

"Ina hita Safana na ji ka kana tallata ni kamar ragon Salla. Nan take na juya, na bi ta Dutsin-ma."

"Yaya, ka yahe mani. Wallahi daɗi ne ya ɗebe ni." Yana kuka yana dariya, yana riƙe da gefen rigarsa.

Armaya'u bai yi dariya ba. Ya tsuguna har fuskarsu ta daidaita.

"Wannan na yahe. Amma Yusha'u, wa ya ce ka ce hanya lahiya lau?"

Yusha'u ya dube shi.

"Ina Dutsin-ma na ji ta biyun. Na yi ta kiran tashar Runka, ba ta shiga. Ka manta yadda suke yi? Tun da daji ya ɓaci ba mai tada mota da lodi sai an ji wata ta ƙetare gangaren. Tun sahe suke zaune suna jiran labari, ga Salla, kowa na son zuwa gaida dangi. Kai kuma ka ba su labari."

Bai manta ba. Abin dai bai zo masa ba ne, domin duk tsawon yinin mutum ɗaya kawai yake gani a kan hanyar nan.

Ana kiran magariba wani mai babur ya shigo tasha da labarin. A-kori-kurar Mannir, wani direban Runka mai 'ya'ya biyar, ta tashi da mutum tara jim kaɗan bayan sanarwar. An same ta a cikin gangaren, ƙofofi a buɗe, takalma a warwatse, kwanon naman Salla a kife, rediyonta na ta magana.

Har yau babu wanda ya san ko mutanen dajin sun ji shirin, ko kuwa dama suna wurin tun safe. Armaya'u ya gaya masa haka, liman ya gaya masa, Fiddausi ta zo har gida ta gaya masa, ta ce kujerarsa na nan. Ya koma aiki bayan wata biyu, don gida cike yake da dangin da yake ciyarwa. Yana sharhinsa daidai, ba kuskure, sai dai daga sallama yake wucewa kan motoci, kuma shirin yakan ƙare da sauran lokaci.

Kwana hamsin da uku mutanen motar nan suka yi a daji. Takwas suka dawo tare da Mannir. Wani dattijo mai sayar da igiya bai dawo ba, tafiyar ƙafa da zazzaɓi suka kashe shi a can.

Yusha'u ya ce sai ya je Runka. Turai ta hana, ya ƙi hanuwa, Armaya'u ya ɗauke shi da kansa. Suka sami Mannir a zaure kan tabarma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tafin ƙafarsa duk a fashe. Aka gaisa, aka yi barka, aka yi wa dattijon addu'a. Yusha'u ya buɗe baki zai faɗi abin da ya yi kwana hamsin da uku yana shiryawa, maganar ta ƙi fita.

Mannir ne ya taimake shi. Ba fushi a muryarsa ko kaɗan, da ma akwai da ya fi sauƙi.

"Kar ka damu kanka, Malam Yusha'u, ƙaddara ce. Fasinja ma sun so mu ƙara jira. Ni na ce su hau. Na ce masu da wani ne ya faɗa ba ni tada mota, amma Kunne ne, bai taɓa yi muna ƙarya ba."

Ya tura masa kwanon ruwa gabansa. Yusha'u ya ɗauka da hannu biyu, ya kasa kai shi baki.